Kabon mai kafofi a cikin na'urar raba ruwa: tambayoyi da amsoshi

Tun da maganar haidurojin ta shiga bakin mutane, ɗaliban injiniya da na kimiyyar sinadarai a Bauchi da Gombe ke ta neman a ba su aikin kammala karatu a kansa, masu haɗa sola kuma suna tambayar ko akwai abin ci a harkar. Yawancin tambayoyin a wuri ɗaya suke tsayawa, wato kan matattarar lantarki, baƙar shimfiɗar nan ta kabon da ke ɗaukar lantarki a cikin na'urar raba ruwa, domin ita ce ake ganin kamar za a iya yin ta a gida. Ga su nan an tattara, kowace da amsarta.

Malam, a fara mana daga tushe. Mece ce na'urar raba ruwa?

Ruwa haɗin abu biyu ne, haidurojin da oksijin. Idan aka tura lantarki ta cikinsa sai haɗin ya warware, haidurojin ya fito ta gefen waya ɗaya, oksijin ta ɗaya gefen. Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1800 wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka yi shi da batirin da Volta ya ƙirƙiro a lokacin.

A takarda, bolt 1.23 ya isa ya raba ruwa. A aikace sai an kai wajen 1.8 zuwa 2, kuma abin da ya hau kan wancan lissafi yawancinsa zafi yake komawa. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin ruwa kusan lita 9, da lantarki yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Yana kuma fitowa tare da kilo 8 na oksijin.

Na'urorin iri-iri ne. Akwai tsohuwar, mai aiki da ruwan sinadarin fotash mai kaifi da ƙarfen nikel. Akwai mai busasshen tantani na roba a tsakiya, wadda ake kira PEM, da kamfanin General Electric na Amurka ya fara a shekarun 1960. A kan wannan ta biyun ce maganar kabon ta fi yawa, saboda haka ita za mu fi bi.

To ina matattarar lantarkin take a ciki?

Idan ka kwance sel ɗaya na PEM, wato ɗaya daga cikin ɓangarorin da ake jerawa su zama na'urar, a tsakiya za ka tarar da tantani, wanda kaurinsa bai kai rubu'in milimita ba. Wanda aka fi sani shi ne Nafion. An shafa wa fuskokinsa biyu katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aikin: filatinom a gefen haidurojin, iridiyom a gefen oksijin. A can waje akwai farantai biyu masu kauri da aka yi wa kwarin da ruwa da iska ke bi. Tsakanin kowane faranti da katalis ne matattarar take, kwance kamar takarda.

Aikinta ya fi sunanta yawa. Ita ce ke kai lantarki daga faranti zuwa kowane lungu na katalis. Ta cikinta ruwa ke shiga, ta cikinta iska ke fita, ita ke kwashe zafi, ita kuma ke tallafe tantanin kada matsi ya tura shi cikin kwarin faranti ya yage.

Don ka ga nauyin da ke kanta, ɗauki yanki mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, wanda bai wuce tafin hannu ba. A cikakken aiki yana iya ɗaukar amfiya 200, fiye da abin da ƙaramin injin walda ke ba tsinke. Kowace amfiya ɗaya tana haifar da kusan lita 0.42 na haidurojin a awa. Ke nan ta wannan ɗan yanki sama da lita 80 na iska ke ratsawa kowace awa, ba tare da an katse wa lantarkin hanya ba.

Me ya sa ba za a manna farantin ƙarfe kai tsaye a huta ba?

Farantin da ba shi da kafa zai kai lantarki, amma kumfar iska za ta taru a ƙarƙashinsa ta kori ruwa, aiki ya tsaya. In kuma ramukan suka yi girma, kamar na ragar taga, katalis ɗin da ke tsakiyar kowane rami ba zai sami lantarki ba, an yi asarar filatinom ke nan. Ana son abin da yawancinsa fili ne amma yana taɓa katalis kusan ko'ina.

Me ya sa aka zaɓi kabon?

Yana ɗaukar lantarki, ba shi da nauyi, asid ba ya cin sa, ga shi kuma ya fi ƙarfen taitaniyom araha nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa fasa mataccen batirin rediyo irin su Tiger Head yana yaro ya ga baƙin sandan nan da ke tsakiya. Wannan sanda matattarar lantarki ce ta kabon. Ba ita ke samar da wutar ba, tattarowa take daga baƙin garin da ke kewaye da ita ta kai wa hular ƙarfe da ke sama. An sa kabon a wurin ne saboda ƙarfe zai lalace a cikin wannan jiƙaƙƙen gari.

Shin gawayi ne aka daka aka matse?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata. Takardar kabon daga zare ake yin ta. Ana ɗaukar zaren roba mai suna PAN, dangin wanda ake saƙa rigar sanyi da shi, a gasa shi a hankali cikin iska a wajen digiri 200 zuwa 300, sannan a kai shi sama da digiri 1,000 a tanderun da babu oksijin, har komai ya fice sai kabon. Wani masanin Japan, Akio Shindo, shi ya gano wannan hanya a Osaka wajen 1960, kamfanin Toray kuma ya fara sayar da zaren a 1971. Kaurin kowane zare kusan maikuromita 7 ne, wajen kashi ɗaya cikin goma na gashin kai.

Sai a yayyanka zaren, a baza shi a ruwa yadda ake yin takarda, a jiƙa da ƙaro na roba, a sake gasawa, wani lokaci har sama da digiri 2,000. In ka duba ta a madubin ƙara girma, sai ka ce tsintsiya ce ta kwance ta watse a ƙasa, tsinke kan tsinke, an ɗiga ɗanko a duk inda biyu suka haɗu. Wata sananniya cikinsu, TGP-H-060 ta Toray, kaurinta milimita 0.19 ne, kuma kusan kashi 78 cikin 100 na jikinta fili ne. SGL da Freudenberg na Jamus da AvCarb na Amurka su ma suna yi.

Ban da takarda akwai ƙyallen kabon da aka saƙa, wanda ke lanƙwasuwa ba ya karyewa, da kuma mai kauri kamar bargo da aka fi sa wa manyan batura masu ruwa.

An ce a gefe ɗaya kawai ake sa shi. Me ya hana ɗaya gefen?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wanda ya riƙe amsarta ya huta da asarar kuɗi.

Gefuna biyun na'urar duniya biyu ce daban. A gefen haidurojin, wato inda wayar nagatif take, babu abin da ke neman cin kabon. Zai yi shekaru a wurin lafiya lau. A gefen fozitif kuwa, inda oksijin ke fita, abubuwa uku ne suka haɗu a kansa: ƙarfin lantarki sama da bolt 1.5, oksijin sabon fitowa, da zafi na digiri 60 zuwa 80 a cikin asid ɗin da ke jikin tantanin. A lissafin sinadarai, daga wajen bolt 0.2 kabon ya riga ya fara son haɗuwa da ruwa ya zama iskar kabon dayoksaid. Abin da ke cetonsa a ƙananan bolt shi ne nawar da abin ke yi. Da an haura bolt 1 sai ya fara sauri, a wajen da na'urar ke aiki kuwa ci yake ba ƙaƙƙautawa. Ƙonewa ce sosai, sai dai a cikin ruwa take faruwa, babu harshen wuta.

Mu yi lissafin. Kowane murabba'in santimita na waccan takarda ta Toray nauyinsa bai wuce miligiram 8 da ɗoriya ba. Lantarkin da zai cinye wannan kabon kaf bai fi miliamfiya 75 na tsawon awa ɗaya ba. Idan na'urar tana tura amfiya 2 ta wurin, kuma kashi 1 kacal cikin 100 ya kauce ya koma cin kabon, kafin awa 4 takardar ta ƙare. Ko kashi ɗaya cikin dubu ne, ba za ta yi kwana biyu ba. Na'urar masana'anta kuwa ana sa ran ta yi awa dubu hamsin zuwa sama. Kuma ba sai ta cinye duka ba: da ɗankon da ke riƙe zaren ya zaizaye, sai shimfiɗar ta saki, ta daina taɓa katalis.

Zan iya ganin wannan da idona ba tare da ɗakin gwaji ba?

Ƙwarai. Ciro sanda biyu daga matattun baturan rediyo, ka wanke su tas. Irin na rediyo da tocila kawai nake nufi, kada ka kuskura ka fasa batirin waya ko na fawabank. Zuba ruwa a kofin gilashi, ka narkar da cokali ɗaya na sodar da ake sa wa kek. Tsoma sandunan kada su taɓa juna, ka haɗa su da batiri mai bolt 6 ko tsohuwar cajar waya, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

Nan take kumfa za ta fara, kuma za ka lura ta gefen nagatif ta fi yawa. Bar shi ya yi 'yan awoyi. Ruwan zai fara dusashewa, baƙin gari ya kwanta a gindin kofi daidai ƙarƙashin sandan fozitif. Ciro su ka shafa da yatsa: na nagatif sumul yake yadda ka sa shi, na fozitif ya yi kaushi, yana barin baƙi a hannu, bakinsa ya fara sirancewa.

Kada a sa gishiri. Da gishiri iskar kulorin ce za ta fito, mai ƙona huhu. Kanwa ma a bar ta, ba ta rasa gishiri a cikinta.

To me ake sawa a gefen oksijin?

A PEM, taitaniyom: ko garinsa da aka gasa ya manne, ko zarensa da aka matse. Shi ma oksijin na taɓa shi, amma tsatsarsa siririya ce mai tauri da ke rufe shi ta kare abin da ke ciki. Matsalar ita ce wannan tsatsa ba ta son wuce da lantarki, don haka akan shafa masa filatinom kaɗan. Ga iridiyom kuma, wanda abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawa daga Afirka ta Kudu. Shi ya sa gefen oksijin ke cinye kuɗin.

Wani zai ce to a sa taitaniyom gefe biyun mana. Ana yi, amma tsada ce a banza, kuma haidurojin na shiga jikin taitaniyom ya sa shi gautsi. A na'ura mai ruwan fotash da sabuwar nan mai suna AEM, wadda ita ma tantani gare ta amma ba na asid ba, nikel ko ƙarfen da ba ya tsatsa ake sawa a gefen oksijin. A can ma kabon ba ya daɗewa a wannan gefe.

Amma Malam, na ga rubuce-rubucen bincike da suka sa takardar kabon a gefen oksijin, sakamakon kuma ya yi kyau.

Kin gani, 'yar'uwa, kuma suna da yawa. Duba tsawon lokacin da suka yi gwajin. Galibi minti talatin ne, ko 'yan awoyi, a ƙaramin lantarki, don a gwada sabon katalis ba tare da an sayi taitaniyom ba. Wannan ba laifi ba ne in an faɗi gaskiyar abin da aka yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar awo ba ta san inda lantarkin ya tafi ba. Wanda ya raba ruwa da wanda ya ci kabon duk lamba ɗaya take nunawa. Sai ɗalibi ya ga layinsa ya haura, ya yi murna ya ce katalis ɗinsa ya ƙware, alhali shimfiɗarsa ce ke cinyewa. In kina son aikinki ya tsaya da ƙafarsa, tara iskar a silinda mai awo da aka kifa cikin ruwa, ki gwada da lissafi: amfiya ɗaya a awa ɗaya ya kamata ta ba da kusan lita 0.21 na oksijin. Ki auna nauyin takardar kafin gwaji da bayansa. In a cikin asid kike aiki, ki bi da iskar ta ruwan farar ƙasa, in ya yi fari kamar madara to kabon ne ke tafiya.

Ana ta ƙoƙarin lulluɓe kabon da siririn taitaniyom ko danginsa don ya jure. Abin da ke ba masu yi wahala shi ne zaren dubbai ne, kowane da bayansa da ƙarƙashinsa, kuma ƙofa ɗaya da ba ta rufu ba ta isa ɓarna ta shiga.

Muna da ɓawon gyaɗa, totuwar masara, buntun shinkafa da ƙwallon goruba jibge. Ba za mu yi namu ba?

Kusan duk wanda ya zo da wannan batu daga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko ta Jihar Gombe ko ta Kashere da wannan niyya yake zuwa, kuma niyya ce mai kyau. Kayan na nan a banza, duk wanda ya bi ta wajen masu casar shinkafa a Dadin Kowa ya ga tsibin buntu. Sai dai a bambance abu biyu da ake haɗawa.

Abin da ake samu daga ɓawo, in an gasa an kuma buɗe shi da sinadari, gari ne mai kafofi ƙanana ƙwarai, da yawansu ba su kai nanomita 2 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita). Giram ɗaya na iya samun faɗin fuska na murabba'in mita 1,000. Wannan ya dace da tace ruwa, da riƙe katalis, da wasu na'urorin ajiye lantarki. Matattara kuwa ba faɗin fuska take nema ba. Tana son manyan kafofi, na maikuromita goma zuwa sama, waɗanda suka zarce daga wannan fuska zuwa waccan, da jiki guda da lantarki zai bi ba tare da tsallake daga ƙwaya zuwa ƙwaya ba. In ka kwaɓa gari da ɗanko ka matse, ɗankon ya toshe kafofin, ya kuma tare lantarkin.

Sai maganar zafi. Gawayin girki da ake turarawa a rami bai cika wuce digiri 400 zuwa 500 ba. Ɗora masa tsinkayen mitar awon lantarki ka gani, da ƙyar za ta motsa. Sai an haura digiri 700 zuwa 800, babu oksijin, kafin ya fara ɗaukar lantarki da gaske. Ko an kai can, kabon tsirrai ba ya zama girafayit, wato kabon da ƙwayoyinsa suka jeru sahu-sahu, mai ɗaukar lantarki sosai. Rosalind Franklin ta nuna a 1951 cewa akwai kabon da ko an kai shi digiri 3,000 ba ya jeruwa. Ga toka kuma: buntun shinkafa kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa yashi ne a sinadarce, sauran ɓawon kuma suna ɗauke da fotasiyom da kalsiyom da ƙarfe, waɗanda in suka narke suka shiga tantani sai su kashe shi.

Ra'ayina, aikin da ya fi dacewa da gawayin ɓawo shi ne wanda ba a cika yi ba. Akan shafa wa takardar kabon wani siririn rufi na baƙin garin kabon a fuskar da ke kallon katalis, don ta yi santsi. Ɗalibin da ya wanke gawayinsa da asid, ya gwada shi a wannan rufi ko a matsayin mariƙin katalis a gefen haidurojin, ya kuma jera sakamakonsa kusa da na garin kanti, ya yi aikin da za a iya karantawa. Wanda ya rubuta a kan takardarsa cewa ya maye gurbin taitaniyom da ɓawon gyaɗa, mai duba aiki na waje zai kama shi da tambaya ɗaya.

Babu wani abu namu da ya zo da siffar zare tun asali?

Akwai, auduga. Gombe kuwa ta san auduga tun zamanin Turawa. Zaren tsiro shi ne farkon zaren kabon: da zaren auduga da aka gasa Edison ya kunna ƙwan lantarkinsa a 1879. Farin yadin auduga zalla, wanda aka wanke masa sitaci, in an gasa shi a hankali cikin iskar naiturojin har wajen digiri 900 zuwa 1,000, yana fitowa baƙin ƙyalle da saƙarsa, kuma yana ɗaukar lantarki. Zai tsuke, mafi yawan nauyinsa zai tafi, ba zai kai na kanti ƙarfi ba, yatsa ma na iya fasa shi. Amma siffar daidai take, kuma ana iya auna shi a gefen haidurojin a faɗi ko kashi nawa ya kai na Toray. Wanda ke da tanderu mai bututu da tukunyar naiturojin, nan zan ce ya sa ƙarfinsa.

Me ya sa wata takardar ruwa ke gangarewa a kanta?

An jiƙa ta da Teflon, wani irin roba da ruwa ba ya kama shi, galibi kashi 5 zuwa 20 na nauyinta. Ruwa na biyo haidurojin ta cikin tantani, don haka gefen ma a jiƙe yake, Teflon ɗin ke hana kafofin cika. In ya yi yawa kuma ya rage lantarki.

Na samo takardar. Me zan kiyaye wajen haɗawa?

Sa safar hannu, maiƙon yatsa na ɓata ta. Ɗora ta a kan gilashi ka yanka da sabuwar reza, almakashi na murƙushe bakinta. In fuska ɗaya ta fi baƙi da santsi, ita ke kallon katalis. Bayan yanka ka hure gefunan, domin guntun zare ɗaya da ya miƙe tsaye yana iya huda tantani, iskokin biyu su haɗu.

Ɗauri shi ne inda aka fi ɓarna. In ya yi sako-sako lantarki na wahalar tsallakawa, wurin ya yi zafi. In ya yi yawa zaren ya kakkarye, kafofi su rufe, kuma ba ta komawa yadda take. Ana son ta matsu da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurinta, kaurin gasket ne ke tsayar da hakan. Ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. Kada ka raina wannan: asarar bolt 0.02 kawai a mahaɗa daidai take da kashi 1 cikin 100 na kuɗin wutar da na'urar za ta sha har ta mutu.

Ruwan burtsatse zai yi? Fiya wota fa?

Ko ɗaya. Ruwan da ke barin farin dutse a gindin buta zai bar irinsa a tantani da kafofin kabon. PEM na son ruwan da aka cire wa gishirin ƙasa kaf. Mafi kusa a kasuwa shi ne tataccen ruwan batir na gaskiya, wanda ba a sa wa asid ba. Tacewar ma tana zubar da ruwa, don haka lita 9 ɗin nan kan kai ninki biyu. A garin da ake sayen ruwa a kura kamar Gombe, wannan na cikin lissafi.

Ni mai haɗa sola ne a wajen Wunti. Zan iya haɗa wa kwastoma ya riƙa girki da shi?

Yi lissafin da kanka, Alhaji. Fanel mai wat 300 a ranar Bauchi yana ba da wajen yunit ɗaya da rabi a yini. Kilo ɗaya na haidurojin na son yunit 50 zuwa sama, fiye da wata guda ke nan na fanel ɗaya. Zafin da ke cikin kilon kusan daidai yake da na kilo biyu da rabi na gas ɗin girki, ko kusan lita 4 na fetur. Ba a zo maganar tukunyar ajiya da injin matsawa ba. Wannan wutar, in ka zuba ta a batirin litiyom, kusan kashi 90 cikin 100 za ta dawo maka. In ta bi ta haidurojin ta dawo lantarki, da ƙyar ka ga kashi 40. A gida kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Kwalbar raba ruwa da ake ɗaura wa mota a ce tana rage shan mai fa?

Wutar da ke raba ruwan daga injin take fitowa, injin kuma mai ya sha ya ba da ita. Abin da iskar za ta mayar bai kai abin da aka kashe ba. Ƙari a kan haka, kwalbar na fitar da iskokin biyu a cakuɗe, kusa da injin mai zafi. Riƙe kuɗinka.

To ina amfanin abin ga jihohinmu?

Taki. Duniya na amfani da haidurojin sama da tan miliyan 90 a shekara, mafi yawa a matatun mai da masana'antun amoniya, wadda daga ita ake yin yuriya. Kusan dukkansa daga iskar gas da kwal ake cirowa, haka masana'antar Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme suke yi. Amma an taɓa yin taki da ruwa da lantarki a Afirka: masana'antar KIMA a Aswan ta Masar ta fara haka a farkon shekarun 1960 da wutar madatsar ruwa.

Tashar Dadin Kowa megawat 40 ce. A takarda, da za a ba na'urar raba ruwa wutarta duka dare da rana, za a sami wajen tan 17 na haidurojin a yini, wanda zai isa yuriya kusan tan 170, buhu 3,400 ke nan, in an samo kabon dayoksaid da za a haɗa. Masana'antar Dangote an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara, sama da tan 8,000 a yini. Kuma garuruwan da ke jiran kamfanin raba wuta na JED ya kawo wuta ba za su yarda a ba taki ba tukuna. Abin da ke da ma'ana yanzu shi ne ƙananan na'urori a jami'o'i da kwalejojin kimiyya, don a sami hannayen da suka taɓa kwancewa da ɗaurawa.

Wane haɗari ne a ciki?

Haidurojin ba shi da wari, ba shi da launi, harshen wutarsa da rana da ƙyar ake gani. Yana kamawa in ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, har zuwa kashi 75, kuma ɗan tartsatsin da riga ke yi lokacin hunturu ya ishe shi. Sama yake tashi ya taru a ƙarƙashin silin, saboda haka a buɗe masa ta sama. Kada a taɓa tara shi da oksijin a mazubi ɗaya. Manyan na'urori suna kashe kansu da zarar haidurojin da ya ɓalle zuwa gefen oksijin ya kai kashi 2 cikin 100.

Ta yaya zan gane takardar ta lalace ba tare da na kwance ba?

Riƙe yawan amfiya da zafi yadda suke ba canji, ka riƙa rubuta bolt kullum. In yana hawa a hankali, fara zargin ruwa, sai ɗauri. Ruwan da ke fitowa in ya yi duhu ko ya zo da baƙin gari, kabon ne, kuma abu na farko da za ka duba shi ne ko an juya wayoyin, domin juyin 'yan mintoci ya isa ya mai da gefen haidurojin na oksijin. In bolt ya faɗi kwatsam, sel ya yi zafi, iska kuma ta ragu, kashe nan take, alama ce tantani ya huje. Idan ka buɗe, ɗaga takardar a haske. Sawun kwarin faranti in ya fito a jikinta kaɗan ba komai, in kuwa ya nutse har haske na ratsawa ko ta manne da tantani tana barin zare, canza ta, ka ƙara wa gasket kauri kafin ka sake ɗaurewa.